Saƙin Uwar Saratu a Ɗakin Haya

Illo, Janairu 1961, cikin Rajab

Zuwa ga maiɗakina, Uwar Saratu, a Geza.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, da Saratu da yaranta, da awakinki, har da baƙar nan mai cin igiya. Ni dai alhamdu lillahi, ban da gwiwar da kika sani. Malami, kai da kake karanta wa yayarka wannan takarda, ina gaishe ka, kuma ka karanta yadda na rubuta, kada ka gyara mini magana kamar yadda ka saba.

Na iso lafiya, keken ɗinki ma ya iso lafiya a bayan jakin Hamma, shi ne kuma zai riƙa kawo miki takarduna. Saƙin da kika ba ni in haɗa miki zane yana nan bisa akwati, a naɗe yadda kika naɗe shi. Na san audugar gayaunarki ce, na san dararen da kika yi kina kaɗi. Da hannu zan haɗa shi, ba da keke ba. Ki bari in ɗan rage aikin mutane.

Na sauka gidan Maidawa, inda nake cin rani tun mahaifinsa na da rai. Sai dai gidan ya sake. A da kin san yadda ake: ka sauka, maigida ya ba ka ɗaki, ya nemo maka masu ɗinki, kai da kayanka kuna wuyansa, in za ka tafi ka yi masa alheri. Yanzu Maidawa ya ce tun da ƙasa ta sami mulkin kai, gidansa ma ya sami nasa, haya ake biya duk wata kamar a Sakkwato. Na biya. Suna kawai aka sauya, in kin tambaye ni. Mutumin da na ɗinka wa rigar kaciya ba zai mai da ni bare ba.

Ga labarin da na so in ɓoye na kasa. Ɗakin da ke manne da nawa, rumfa ɗaya muke sha, Bunyaminu ne a ciki. I, shi. Wanda ya riƙa tare ki da goro a kasuwar Matsinkai kafin ki zaɓe ni. Ya dawo daga Dahome bayan duk shekarun nan, matarsa ta rasu a can, yana sayar da turare da man shafawa. Ya tsufa, in gaya miki, sai dai tsufan bai kama shi inda ya kama ni ba. Haƙoransa suna nan cif. Yana sa wa gemu lalle. Yana da rediyo mai batir, da yamma mutane su cika rumfarmu suna jin Kaduna, ni kuwa ina taka keke ba mai jin sa.

Yana kuma da wata takarda da ya manna a bango, wai inshora. Wani Ma'azu, wakilin wani kamfani na Ikko, shi ke yawo da ita a kan basukur. Ya zauna ya yi mini bayani: wai ɗan haya ya riƙa ba kamfani wani abu duk shekara, in wuta ko ɓarawo ya ci kayan ɗakinsa su biya shi, in kuma daga ɗakinsa wuta ta tashi ta ci ginin maigida ko kayan wani, su tsaya masa. Na ce masa ni ina da maigida, ina da Ubangiji, na ukun me zai yi mini? Bunyaminu ya yi dariya da haƙoran nan nasa, ya ce haka shi ma ya ce a Faraku ta Dahome, shekarar da shagonsa ya ƙone.

Ya ce in gaishe ki. Na isar, don amana ce.

Mijinki,
Attahiru Tela


Illo, Fabrairu 1961, ana jiran watan azumi

Zuwa ga Uwar Saratu.

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya sanyi, yaya tarin da Malami ya ce kin yi? Ki riƙa shan kanwa da citta, ki daina wanka da asuba da ruwan randa. Daddawa da kuka sun iso, Allah ya saka da alheri.

Amsarki ma ta iso. Na karanta, na ajiye, na sake ɗauka. Na rubuta miki labarin gwiwata, da haya, da keke, amma rabin amsarki a kan takardar bangon Bunyaminu ta ƙare. Wai mutumin da ya ga duniya ba ya manna abu a bango a banza. Wai in tambaye shi yadda ake yi. Ni ma na ga duniya, Uwar Saratu. Na je Jega, na je Yawuri, na taɓa kwana a Gaya. Ban dai dawo da rediyo ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne na ƙarshe, inda kika ce tun da ɗakina akwai dutsen guga da gawayi, in kai saƙin ɗakinsa ajiya har in sami sukunin ɗinki. Malami, in kai ka ƙara wannan daga kanka, ka ji tsoron Allah. In kuwa ke kika faɗa, to ki ji: zaren da kika murza a cinyarki ba zai kwana a ɗakin Bunyaminu ba ina numfashi. Shekara nawa ina guga da gawayi, ko gefen hula ban taɓa ƙonawa ba.

Duk da haka ban ƙi bin maganarki gaba ɗaya ba. Da Ma'azu ya sake zagayowa na tsare shi, na tambaye shi a gaban Bunyaminu, in mutum ya kai kayansa ajiya ɗakin mai takarda, wuta ta ci, kamfani zai biya? Ya ce a'a, abin da mai takarda ya ambata da sunansa, nasa na kansa, shi kaɗai suka sani. Kin ji. Ko na kai, takardar ba ta san saƙinki ba. Ranar na ci tuwo da daɗi.

Na kuma tambayi limamin unguwa. Ya ce malamai sun rabu, wasu na ganin abin ya yi kama da caca da ƙaddara, wasu na ganin kamar gudummawar da ake haɗa wa wanda ya yi gobara ce, sai dai an haɗa tun kafin wutar. Na riƙe maganar farko, na bar wa Bunyaminu ta biyu.

Mutumin dai ba ya ba ni dalilin faɗa, abin da ke ba ni haushi ke nan. In ya dafa shayi sai ya miƙo mini. Yana ce mini Yaya Attahiru, alhali kaciyarmu ɗaya. Ya kawo mini rigarsa gyara, na ɗaure farashi don ya tafi, ya biya, har ya yaba ɗinkin a gaban mutane.

Allah ya kai mu azumi lafiya. A gaishe da Saratu da mijinta.

Naki,
Attahiru


Illo, Maris 1961, bayan ƙaramar Salla

Zuwa ga Uwar Saratu, tare da barka da Salla.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana. Ina fatan kun yi Salla lafiya, yara sun sa rigunan da na aiko. Ta ƙaramin na san ta yi masa yawa, da gangan ne, zai girma a ciki.

Na san kin sa ran ɗaura zanenki ran idi. Ban haɗa ba. Ɗinkin Salla ya taso mini har daga ƙetaren iyaka, mutanen Dandi da matan Malanbil, kowa da ranar da ya sa mini. Ke ce kaɗai ba ki tsaya mini a ƙofa ba, shi ya sa naki ya zauna. Yana nan bisa akwati, ina kakkaɓe shi kullum.

To, ashe kun yi baƙo. Ba ke kika gaya mini ba, ba Malami ba, daga bakin baƙon na ji. Bunyaminu ya je cin kasuwar Matsinkai da turarensa, wai hanya ta biyo da shi ta Geza. Na san hanyar nan tun ba ni da wando, ban taɓa ganin ta biya ta ƙofar gidana ba sai an karkata ta. Ya dawo ya zauna a rumfa yana ba ni labarin gidana: wai an yi wa rumbu sabuwar jinka, wai baƙar akuya ta haifi biyu, wai an aiko masa da fura zaure, bai sha irinta ba tun da ya bar ƙasar nan. Na ce i, haka take damawa in ta ga tsoho ya sha rana.

Sannan ya ce, Safiya ba ta sake ba. Haka ya faɗa, Safiya, ko Safiyatu bai cika ba. Ni da na biya sadaki, tun ran da aka haifi Saratu ban ƙara kiran sunan nan a gaban mutane ba. Shi kuwa ya fito masa daga baki kamar jiya ya ajiye shi. Allura ta shige mini yatsa, na ce masa ƙaya ce a tabarma.

Ban zarge ki da kome ba. Fura a zaure hakkin baƙo ce, ko ni ina nan abin da zan sa a yi ke nan. Tambaya ɗaya ce dai nake juyawa ina taka keke. Shekarun nan duka ban taɓa tambayarki me ya sa kika zaɓe ni ba, don ina tsoron ki tsaya tunani kafin ki amsa. Yanzu ga shi an ajiye mini wanda kika bari a jikin bangona, da rediyo, da haƙora, da takardar da ta nuna shi mai hangen gobe ne. Kada ki amsa ta bakin Malami.

Ya ce kin sake tambayar ko na karɓi takardar inshorar. Ban karɓa ba. Da wani ne ya fara kawo ta gidan nan, wataƙila da na duba.

Mijinki,
Attahiru


Illo, Afrilu 1961

Zuwa ga Uwar Saratu.

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya. Ni lafiyata ƙalau, ki fara riƙe wannan. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji ciwon kirki. Na san Hamma zai riga takardata da baki, to ga yadda abin ya faru daga wanda ya jawo shi.

Ran kasuwa ne, bayan azahar. Na zuba garwashi a dutsen guga ina goge rigar wani mahauci. Sai na hango Bunyaminu a ƙofar gida yana miƙa wa Hamma wani ɗan ƙunshi, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, na kuma ji an ambaci Geza. Na ajiye dutsen, a zatona bisa ƙarfensa, na bi bayan Hamma har bakin masallaci kamar mai neman buta. Na tsare Hamma na ce me aka ba shi ya kai gidana. Ya kwance ya nuna mini. Tabarau ne. Naka ne, Malami, wanda ka roƙi Bunyaminu ya sayo maka a Malanbil don ka riƙa ganin rubutuna da kyau.

Ina tsaye da tabarau a hannu mata suka fara kururuwa. Dutsen bisa rigar na bar shi. Riga ta kama, ta ba tabarma, tabarma ta ba zana, zana ta miƙa wa jinka. Kin san iskar bazara da tsakar rana.

Na kutsa ɗakin, hayaƙi ya rufe. Ban yi tunani ba, Uwar Saratu, hannuna ne ya yi. Na rungumo kan keken na fito da shi, na dire a tsakar gida, ina haki ina duba ko ya taɓu. Sai da na ga lafiyarsa lau sannan akwati ya faɗo mini a rai. Na juya, jinka ta riga ta fara zubowa.

A cikin wannan hayaƙi Bunyaminu ya fito. Daga ɗakina ya fito, ba nasa ba. Rabin gemun nan mai lalle ya tafi, hannun rigarsa yana ci da wuta, saƙinki yana ƙirjinsa ya rufe shi da hannu biyu. Ya miƙo mini. Kafin a kawo ruwa nasa ɗakin ya kama. Rediyo, turare, katifa, har takardar bangon, ba abin da aka fitar.

Saƙin bai ƙone ba, gefe ɗaya ne ya ɗan yi baƙi.

Kashegari Maidawa ya kai ni gaban alƙali. Na tsaya na ce ni baƙon gidan nan ne tun zamanin mahaifinsa, baƙo kuwa in tsautsayi ya same shi maigida ke rufa masa asiri, a haɗu a gyara. Maidawa bai ɗaga murya ba. Ya ce Baba Attahiru, baƙo ba ya biyan haya, kai kuwa kana biya, ina karɓa. Alƙali ya tambaye ni ko haka ne, na ce haka ne. Ya ce to ɗan haya ne kai, ɗakin amana ne a hannunka, wutar kuma daga sakacinka ta tashi. Zan tayar da ɗakuna biyu in baibaye su, in kuma biya masu ɗinki yadudduka da suka ƙone. Ashe ba suna kaɗai aka sauya ba.

Ba zan sami ruwan farko a gida ba. Ki gaya wa mijin Saratu ya shuka mini gonar bakin fadama, zan san yadda na yi da shi. Kada ki sayar da akuya ko ɗaya.

Malami, ga tabarau nan Hamma ya kawo. Ka sa shi ka karanta wannan da kyau, ba sai ka yi sharhi ba.

Attahiru


Illo, Mayu 1961, kafin babbar Salla

Zuwa ga maiɗakina, Safiyatu.

Gaisuwa mai tarin yawa, da godiya. Na ji an yi shuka, na ji gero ya tsiro. Na ga kuma abin da kika sa aka rubuta, cewa keke shi ke ciyar da mu, da ke ce a wurin, shi za ki ce in ɗauka. Na gode. Kin san dai ba abin da ke damuna ke nan ba.

An gama gini, jiya muka ɗaure jinka ta biyu. Na ce muka, don Bunyaminu ya hau tare da ni tun ranar farko, ban kira shi ba, na kore shi bai sauka ba. Mutanen unguwa sun kawo ciyawa da igiya, Maidawa ma da kansa ya aiko da itace, ya ce wannan na mahaifinsa ne ba nasa ba. Masu yadudduka sun yarda in biya su da ɗinki, zan daɗe ina taka keke kyauta.

Ma'azu ya zo ya duba toka, ya yi tambayoyinsa ya tafi. Na zuba ido in ga ƙaryar kamfani, na ma shirya abin da zan faɗa. Sun ja lokaci, sun rage wa Bunyaminu a kan turare, amma sun biya. Sabon rediyo yana rumfa yanzu, ya fi na da ƙara.

Muna bisa jinka, ni a wannan gefe Bunyaminu a wancan, na tambaye shi abin da ya hana ni barci. Na ce me ya kai ka ɗakina, naka yana nan? Na so ya ce ruɗewa ya yi. Na so ma ya faɗi abin da nake zargi, in sami dalilin turo shi ƙasa. Sai ya ja igiya ya ce, Yaya Attahiru, rediyo yana da mai biya, keke yana da mai ɗauka, saƙin ne na ga ba shi da kowa.

Ba shi da kowa. Zaren mace mai miji, mijin yana tsakar gida yana shafa ƙarfe.

Na juya maganar nan kwana da kwanaki. Wani lokaci in ce wa kaina ai jarumtar mai takarda ce, ya san za a biya shi, me zai hana shi yin gwaninta. Wani lokaci in tuna gemun, kamfani bai biya gemu ba. Inda na tsaya shi ne, ko don me ya shiga, shi hannunsa a sake yake ranar, nawa a ɗaure. Ni na ɗaure shi, don kada a ce na bi bayan Bunyaminu.

Saboda haka na kira Ma'azu. Na karɓi takardar, duka biyun, ta kayan ɗaki da ta abin da wutata za ta ci na mutane. Ya ce in ambaci kayana, na ambaci keke, da almakashi, da sabon akwati, har da dutsen gugar da ya yi mini wannan aiki. Na manna ta a bango, sama da inda Bunyaminu ya manna tasa da ɗan taƙi. Ma'azu yana ta yaba mini wai na waye. Ban gaya masa ba, ba wayewa ba ce. So nake in Allah ya sake jarraba ni, in tsallake keken nan ina kallonsa, in ɗauko naki da kaina.

Bunyaminu ya gani, ya ce madalla. Ya ce in gaishe ki. Na isar. Gemun ya fara fitowa, fari fat, bai ƙara sa lalle ba, kuma abin takaici ya fi yi masa kyau.

Ga zanenki nan a hannun Hamma. Na ajiye aikin kowa na haɗa shi da hannu, gefen da ya yi baƙi na kalmashe shi ciki. Na wanke, amma in kin kai hanci za ki ji hayaƙi kaɗan. Ki ɗaura shi ran Salla, ki kuma ɗaura shi ran kasuwar Matsinkai. In wani ya tambaye ki wa ya fitar da shi daga wuta, ki faɗi gaskiya. In ya tambayi wa ya ɗinka, ki ɗaga murya.

Ina nan tafe kafin noman farko, in Allah ya yarda. A dama fura.

Mijinki, wanda kika zaɓa,
Attahiru Tela